Mata, Gida, Mota, Kuɗi: Tseren da Mustafa Alasan ya yi wa dariya

Jahar Tawa tana da abin alfahari a fagen silima, ko da yake mutane kaɗan ne suka san haka. A birnin Tawa ne marigayi Mustafa Alasan ya zauna shekaru masu yawa, yana zane yana haɗa fina-finai, har zuwa rasuwarsa a Wagadugu a shekarar 2015.

An haife shi a N'Dunga a 1942. Ya fara sanin aikin silima a Yamai tare da Jean Rouch, sannan ya tafi Kanada neman ƙarin sani wurin Norman McLaren, gwanin fim na zane. Yana ɗalibi ya yi gajeren fim ɗinsa, «La Mort de Gandji», a 1965, wanda ya sami kyauta a bikin al'adun baƙar fata na Dakar a 1966. Kwaɗi ne ƴan wasansa: sarki da fadawansa. A «Bon voyage Sim» kuma, shugaban ƙasar kwaɗi ne ya fita ziyara cikin bushe-bushe da faretin soja. Kowa ya gane da wa ake.

A 1972 ya fito fili da «F.V.V.A.», wato mata, gida, mota, kuɗi. Labarin Ali ne, ƙaramin ma'aikacin gwamnati, wanda iyaye suka yi wa aure, buƙatu suka fi ƙarfin albashinsa, ya sa hannu cikin kuɗin da ba nasa ba. Da aka ɗaure shi, abokan cin mushe suka watse, sai uwargidansa ta tsaya jiransa.

Wannan labari ba na Yamai kaɗai ba ne. A Madawa, Buza da Kaita, ma'aikaci yakan ci bashi domin bikin da zai rufe bakin maƙwabta. Ɗan kasuwar albasa yakan zuba jarinsa cikin mota da ƙarin aure tun kafin kuɗin kaya su dawo daga Abijan ko Akara. Idan farashi ya faɗi, sai a sayar da garka.

Alasan bai zagi neman arziki ba. Abin da ya yi wa ba'a shi ne gudu domin idon jama'a, alhali jama'ar ba za ta biya bashin kowa ba. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki.