Ado Ma Jari Ne

'Yan uwana mata, duk lokacin da na shiga Kasuwar Kurmi a Kano, nakan tsaya wajen masu faifai, hula da ƙwarya. Sai ki ga ƙwarya biyu, girmansu ɗaya, amma mai zane ta fi tsada. Wannan ƙarin, kuɗin aikin hannu ne.

Haka yake a marinar Ƙofar Mata. Maza ke tsoma yadi cikin baba, amma ɗaurin da ke fitar da zanen, mata ke yinsa a gida. Baƙi su zo kallo su saya, mai abinci da mai a-daidaita-sahu ma su samu nasu.

To ina ribar adonmu take tafiya? Yawancinmu muna sayar wa dillali ɗai-ɗai, don neman kuɗin cefanen ranar, shi ya kai birni ya ci ribar.

Shawarata: in kin karɓi rance daga asusu, ki sayi zare ko kaba tun kafin hidimar sallah. Ki sa kwanakin aikinki cikin farashi. Ku haɗa kayanku, ku wakilta mutum biyu su kai birni, a rubuta komai a littafin ƙungiya.