Masu Ƙidayar Abin Da Ke Cikin Ƙwayar Dawa

Dawa ta fi masara jure fari, wannan kowane manomi ya sani. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ba duk abincin gina jiki da ke cikin tuwon dawa jikin yaro ke amfana da shi ba.

Ga dalili. Abincin gina jiki, watau furotin, iri-iri ne, dubbai a cikin tsiro guda. Fiye da rabin na ƙwayar dawa iri ɗaya ne, masana suna ce da shi kafirin. Shi kuwa taurin kai gare shi. Kadan an dafa gari da ruwa sai ya ƙara ƙullewa, ya yi wuyar narkewa a ciki. Tsima gari ya yi tsami, kamar yadda mata ke yi wa kamun koko, yana rage wannan. Ashe tsofaffi ba su yi wauta ba.

Dā ɗai-ɗai ake binciken furotin. Yanzu akwai ilmin ƙidaya su gaba ɗaya, ana ce da shi furotiyomik, daga wata kalma da Marc Wilkins, mutumin Ostireliya, ya ƙago a 1994. A niƙa ƙwaya, a tsamo furotin, a gutsuttsura shi, sa'an nan wata na'ura ta auna nauyin kowane gutsure. Kwamfuta kuma ta gwada da tsarin gadon dawa, wanda aka bayyana a 2009, ta faɗi sunan kowanne. Da haka mai haɗa iri zai ga bambancin dawa biyu, ko abin da ganye ke ƙara yi in ƙishirwa ta kama shi.

To, amma akwai wuya. Na'urar tsada gare ta, ba ta kuwa son wutar da ke ɗaukewa. A ganye kuma wani furotin guda, rubisko, yawansa kan rufe ƙananan da ake nema.

Ko an gano, da sauran aiki. A Jami'ar Purdue ta Amurka an sami dawa mai sauƙin narkewa, sai ga ƙwayarta da laushi. Ƙwaya mai laushi kuwa ba ta daɗewa a rumbu, ƙwari da fumfuna sun fi saurin kama ta. Abin da masu haɗa iri ke nema shi ne mai sauƙin narkewa wadda kuma ke da taurin da za ta kai wata damina.