Jita Mai Araha Ko Tsohuwar Ƙira? Waya Na Raba Gardama

Akwai jitar lantarki mai kumburarriyar fuska, cikinta fanko kamar ƙwaryar gurmi. Kamfanin Gibson ya fitar da ES-150 a 1936, sai ES-175 a 1949. Yau waɗannan tsofaffin sai masu hannu da shuni, amma Epiphone da Ibanez na ƙera irinsu da araha.

Matashin Dutsin-Ma ko Kurfi da zai saya, kada suna ya ruɗe shi. Ya sauke manhajar saita sautin jita, ya kaɗa tsirkiya, sannan ya danne ta a gaɓa ta 12 ya sake kaɗawa. Idan harafi ɗaya ya fito kuma allura ta tsaya tsakiya, saiti ya yi. In ta karkace, sai a matsar da jakin tsirkiya. Amma jita mai tsagaggen katako, wanda hunturu kan ƙara buɗewa, ya haƙura da ita komai sunanta.