Ɓawo da Ƙwallo: Shara ko Magani?

Gadarif gari ne a gabashin Sudan, kusa da iyakar Habasha. Ya yi suna wajen noman dawa da riɗi, kuma Hausawa da yawa sun zauna a yankin tun zamanin zuwa Makka a ƙasa. A nan, kamar a Kano ko Maraɗi, in an sha mangwaro sai a yar da ƙwallon, in an sha rumman sai a zubar da ɓawon. Amma masana kimiyya sun gano cewa abin da ake yarwa yana iya kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya.

Dalili shi ne wani sinadari da ake kira tanin. Shi ne ke sa bauri a baki, kuma shi ne ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita. Yadda yake kama fata ya hana ta ruɓewa, haka yake kama jikin ƙwayar cuta ya hana ta yaɗuwa.

Ga yadda ake gwaji. Ana shanya ɓawon, a daka, a jiƙa a ruwa ko sinadarin etanol, a tace. Sai a ɗiga ruwan a faifan da aka shuka ƙwayoyin, a ajiye a zafi digiri 37 na kwana ɗaya. Idan da'ira ta fito fes, babu ƙwaya a ciki, to ya yi aiki. Yawanci ya fi cin Staphylococcus aureus, mai sa maruru, bisa ga E. coli, don ita tana da ƙarin rufi a jikinta.

Me ya sa ake wannan bincike? Magungunan asibiti sun fara kasa wasu ƙwayoyin. An ƙiyasta cewa a 2019 wannan ya kashe mutum miliyan 1.27 a duniya.

Sai dai fa faifan gwaji daban, jikin mutum daban. Kafin a kira abu magani, dole a san awonsa da illarsa. A watan Satumba na 2023 an ba da sanarwar ɓarkewar kwalara a Jihar Gadarif. Mai irin wannan ciwo, ruwan gishiri da sukari yake bukata, da gaggawar zuwa asibiti. Jiƙon ɓawo ba ya mayar da ruwan da jiki ya zubar.