Konica: Sunan da ke Bayan Hotunan Gidanmu

A gidanmu na unguwar Maamobi a Accra hotuna ba sa zama a albam. Suna cikin wani gwangwanin biskit ne a ƙasan akwatin ƙarfen Hajiya, tare da tsofaffin rasit da katin awo. Ran nan na zazzage su a kan tabarma ina neman hoton sunan ƙanena, sai ɗaya ya faɗi a kife. A bayansa an jera kalma ɗaya a karkace, da rubutu dishi-dishi: Konica. Na juya sauran. Ga Kodak, ga Fuji, ga Agfa, amma Konica ya fi yawa. Shi ya sa na bi sawun sunan.

Abin mamaki na farko shekarunsa. A 1873 wani saurayi mai suna Rokusaburo Sugiura ya fara sayar da kayan ɗaukar hoto a kantin magani na gidansu, Konishiya, a birnin Tokiyo. Sai bayan shekara huɗu, a 1877, Turawa suka mai da Accra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, hedikwatar mulkinsu. Kyamarar Kodak ta farko sai 1888 ta fito. Nima kuwa, unguwar da ke manne da Maamobi, daji ce a lokacin, don sai 1931 Malam Amadu Futa, Bafulatani mai fataucin shanu, ya sami filin.

Sunan haɗi ne. Kamfanin ya daɗe yana amsa Konishiroku, aka ɗauko farkonsa aka liƙa masa farkon kalmar kyamara. A jikin wata kyamara ya fara fitowa a 1948, kuma sai 1987 kamfanin gaba ɗaya ya koma Konica. Kafin nan fim ɗinsu Sakura ake ce masa, sunan wani fure da mutanen Japan ke ji da shi. In ka ga Sakura a bayan hoton gidanku, kana riƙe da abin da ya haura shekara talatin.

A 1903 suka fitar da Cherry, kyamarar Japan ta farko mai sunan kanta. Akwati ce, kuma a kan fallen gilashi take ɗaukar hoto. Fim na Sakura ya zo a 1929, mai launi a 1940, shi ne irinsa na farko a ƙasar. Fuji da ya zo ya sha gabansu ƙanensu ne na nesa, 1934 aka kafa shi.

Kada a ɗauka mu nan muna barci a lokacin. Tun wajen 1876 zuriyar Lutterodt ke ɗaukar hoto a Accra. Shagon Deo Gratias da J.K. Bruce-Vanderpuije ya buɗe a Jamestown a 1922 ya cika shekara ɗari a hannun jikokinsa. A unguwar dai Felicia Abban ta buɗe nata shagon a shekarun 1950, mace ta farko da ta riƙi hoto sana'a a Gana, har ta riƙa ɗaukar Kwame Nkrumah. James Barnor, mai shagon Ever Young, shi ya dawo daga Ingila a wajen 1970 ya kafa wurin wanke hoto mai launi na farko a ƙasar, da kayan Agfa.

Yanzu ga wanda ya fi tsaya mini a rai. Fim da katin hoto duk da ƙashin shanu ake yin su. Ana dafa ƙashi da fata a tace wani abu mai yauƙi, jelatin, a dama ƙwayoyin sinadarin azurfa a ciki, a shafa a kan leda ko takarda. Haske na taɓa ƙwayoyin nan sai su canja, hoton ke nan. Shekara da shekaru masu yin fim suna rasa dalilin da wani jelatin ke yin kyau wani ya ƙi. A 1925 wani masanin Kodak, Samuel Sheppard, ya gano bakin zaren: shanun da suka ci ciyawar mustad suna barin ɗan burbushin farar wuta a jikinsu, shi ke ƙara wa fim saurin kama haske. Wato kyan hoton amarya yana da nasaba da abin da saniya ta ci a kiwo. Ga unguwar da mai shanu ya kafa, wannan labari namu ne.

Azurfar ma ba wasa ba ce. Ruwan da aka gama wanke hoto da shi yana ɗauke da ita, ana tacewa a sayar. Da farashinta ya tashi zuwa kusan dala 50 kowane oza a Janairun 1980, fim ya yi tsada a duniya baki ɗaya.

Biyu daga ƙirƙire-ƙirƙiren Konica sun shigo har tsakar gidajenmu. A 1975 suka fitar da C35 EF, ƙaramar kyamara mai fitilar walƙiya a jikinta. A 1977 sai C35 AF, ta farko a kasuwa da ke saita nisan abu da kanta. Irin waɗannan, da ire-irensu na wasu kamfanoni, su suka fitar da hoto daga shago. Mai hoton unguwa ya rataya tasa a wuya, ya bi gidan suna da na aure da hawan Sallah a titin Nima. Dare bai hana shi, lungu mai duhu bai hana shi. Ina iya tuna ƙarar nan siririya da fitilar ke yi kafin ta cika, da yadda yake cewa "Hajiya, a ɗan matso, a daina ƙifta ido." Fim ɗaya hoto 36 ne, gwani yakan tatso 37. Sai fim ya cika ake kai shi wanki, saboda haka hoton Ƙaramar Sallah kan iya kaiwa mako biyu bai iso ba.

Robar da ake saka fim a ciki ba ta taɓa zuwa bola. Hajiya tana zuba kwalli a ɗaya, allura a ɗaya, ta ukun ta turaren wuta ce.

Akwai abin da ke ɓata mini rai. Tun shekarun 1950 wuraren wanke hoto na Kodak suna daidaita launi da hoton wata Baturiya, katin da ake kira Shirley. Farar fata ita ce ma'auni. Wannan na cikin dalilan da a tsofaffin hotuna za ka ga farar babbar riga ta fito tas har da zaren aikinta, fuskar mai ita kuwa ta nutse, sai ido da haƙori. Masu hotonmu da dabara suka riƙa gyarawa: su kai mutum inuwa, su buɗe wa haske ƙofa kaɗan fiye da yadda takardar kamfani ta ce.

Ƙarshen ya zo da sauri. A 2003 Konica ya haɗe da Minolta, kamfanin da aka kafa a 1928, wanda wata kyamarar da ya ƙera ta bi John Glenn zuwa sararin samaniya a 1962. A Janairun 2006 suka sanar da barin harkar kyamara da fim, bayan shekara 133. Sashen manyan kyamarori ya koma hannun Sony. Kodak ya shiga kotun fatara a 2012, alhali injiniyansa ne, Steve Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko tun 1975. Fuji ya tsira, kuma cikin hanyoyin da ya bi akwai wadda ba wanda ya zata: ilimin jelatin ya kai shi yin man shafawa na mata, Astalift, a 2007.

Konica Minolta bai mutu ba, injin fotokwafi yake yi. Duba shagon da kake kwafe takardun fasfo, wataƙila ka ga sunan. Injinan da suka tsufa kuwa, da yawa irinsu sun ƙare a Agbogbloshie, gefen Old Fadama a bakin kogin Odaw, inda samari daga Arewacin Gana suka riƙa farfasa su da guduma don tagulla da alminiyam, har hukuma ta rushe filin a Yulin 2021.

Launin hotunan gwangwanin namu ya fara juyewa ja-ja, wasu sun manne da juna saboda damshin damina. Na zauna da Hajiya da fensir a hannuna, tana faɗin sunaye ina rubutawa a baya, ƙarƙashin kalmar Konica. Wannan kawunta ne da ya zo daga Sakkwato da fataucin goro. Wannan maƙwabciya ce da ta koma Kumasi. Da muka zo kan wata mata mai goyo a bakin ƙofarmu ta dā, ta kai hoton kusa da idonta, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Ajiye wannan gefe, ɗana, sai na tambayi Yaya."