Kunun Haɗin Hatsi a Tukunyar Tururi ta Lantarki

Kunun haɗi shi ne wanda ake dafa gero da dawa da ɗan wake, wani lokaci har da shinkafa ko gujiya, a tukunya ɗaya har su narke su yi kauri. A Damargu, ƙasar Tanut da Belbeji, kayan haɗin na gida ne: tun zamanin ayari Buzayen Abzin suke saukowa nan sayen geron da suke kaiwa Agadas. Icce ne ya yi ƙaranci, ga shi tsabar dawa da wake ba sa nuna sai sun daɗe a kan murhu. Iskar gas ta matatar SORAZ, wadda aka buɗe a 2011 a kan hanyar Damagaram zuwa Tanut, ta sauƙaƙa wa wasu gidaje, amma cika tulun gas ma kuɗi ne.

Tukunyar tururi ta lantarki tana rage wannan ɗawainiya. Murfinta yana kullewa gam, tururi ya rasa mafita. A buɗaɗɗiyar tukunya zafin ruwa ba ya wuce digiri 100, a cikin wannan kuwa yana kaiwa wajen 115, shi ya sa tsabar take laushi da wuri. Wutar da take ja, wat 800 zuwa 1,000, a farkon dahuwa ne. Da ta ɗau zafi sai ta riƙa kunna kanta tana kashewa.

Ba kowane kunu ne ya dace da ita ba. Gari ko gasara, irin na koko da kunun tsamiya, damu suke so, kuma rufaffiyar tukunya ba ta damuwa: garin zai kwanta a gindi ya ƙone. Tsaba ko tsaki ake sawa. Za a surfa hatsin, a bushe dusa, a wanke, a rege shi da kyau, domin wanda aka sussuka a ƙasa ba ya rasa tsakuwa. Dawa da wake a jiƙa su tun dare, gero kuwa sa'a biyu ta ishe shi. Kofi ɗaya na haɗin yana ɗaukar kofi biyar zuwa shida na ruwa, dahuwar kuma minti 25 zuwa 30.

Wurin da ake son kula sosai shi ne kumfa. Hatsi da wake suna kumbura suna tasowa, don haka kada a cika tukunyar ta wuce rabi. Idan lokaci ya cika, ba a buɗe mafitar tururi nan take, don kunu mai zafi zai iya fesowa ya ƙona hannu ko ya toshe ramin. A bar ta ta huce da kanta har ɗan makullin murfin ya sauka. Ko wutar NIGELEC ta ɗauke ana tsakar dahuwa, haka za a bar ta a rufe, zafin da ke ciki zai ci gaba da aiki.

Citta da kanumfari suna shiga tun farko. Kanwa ba a bukatarta. Tsamiya da nono da sukari sai bayan an buɗe, saboda tsami yana hana wake nuna, sukari kuma yana kama gindin tukunya. A burge kunun da maburgi na icce, kada ƙarfe ya kankare cikinta, sannan a cire robar murfin da mafitar tururin a wanke su tun kunun bai bushe a jikinsu ba.