Ma'aikatan Sharaɗa Da Challawa: Ekklisiya Za Ta Bi Su, Ko Za Ta Zauna Jira?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Sharaɗa ko na Panshekara da sassafen Lahadi, ya san abin da muke shirin faɗa. A daidai lokacin da waɗansunmu suke goge tufafin zuwa sujada, a lokacin ne masu aikin dare suke fitowa daga kamfanoni, idanu sun yi ja, ƙafafu sun yi nauyi, kowa yana neman A Daidaita Sahun da zai kai shi ɗakinsa a Ɗorayi ko Ja'en. A cikinsu akwai 'yan'uwanmu cikin Kristi: 'yan kudancin Kaduna, da Filato, da Tangale, da Zuru, da Adamawa, da kuma Hausawa masu bi daga ƙauyukan Rogo, Ƙaraye, Sumaila da Tudun Wada. Mafi yawan manyan majami'unmu kuwa suna can Sabon Gari da kewayenta, sai mutum ya ratsa gari kafin ya kai. Wanda ya kwana tsaye gaban inji, in ya kwanta ya rasa sujada, in ya daure ya tafi ya yi gyangyaɗi a benci, ga kuɗin mota zuwa da dawowa na shi da iyali, wanda tun cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya zama abin da sai an yi lissafi.

Mu kuma me muke cewa a taron dattawa? "Wane ya ja da baya." A rubuta sunansa cikin waɗanda za a je a yi wa faɗa.

Bari mu ɗan waiwaya, domin yadda muka tsinci kanmu a gefe ɗaya na birnin yana da asali. A shekarar 1900 Bishop Herbert Tugwell na CMS ya iso Kano tare da Likita Walter Miller da abokan tafiyarsu, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Bayan da Turawa suka ci ƙasar, su ma ba su bar 'yan mishan su yi wa'azi cikin biranen sarakuna ba. Abin da ya kawo ekklisiya Kano shi ne jirgin ƙasa, wanda dogonsa ya iso a 1911, ya kwaso akawuna da leburori da masu sana'a daga kudu da Saliyo da Gwalkwas, aka yanka musu Sabon Gari, su kuma suka kafa wuraren sujada a inda suka sauka. Mishan ta SIM ma ta ƙofar aiki ta shigo: kula da kutare tun daga 1937, sa'an nan asibitin ido a 1943, wanda har yau Musulmi da Kirista suke cika shi. Wato tun farkon fari ekklisiyar Kano ta ma'aikata ce, inda aiki ya kai mutane nan ta bi su.

Da aka kafa masana'antu a Bompai, tsarin bai sami matsala ba, gama Bompai maƙwabciyar Sabon Gari ce, ma'aikaci yana iya takawa ko ya hau keke. Amma da arzikin man fetur ya buɗe Sharaɗa da Challawa a ɗaya gefen birnin, masaƙu da kamfanonin jima da na roba da na kayan abinci suka ja dubban mutane can, suka kama haya a Ɗorayi, Sharaɗa da Panshekara. An sami ƙananan majami'u a waɗansu wuraren, ba mu musu. Amma ofisoshin gunduma, da manyan fastoci, da kuɗi, da kwamitoci, duk suka tsaya inda suke.

Daga baya abubuwa biyu suka sāke fuskar wurin. Na ɗaya, tun daga shirin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar naira ta faɗi, wutar lantarki ta zama sai an ga dama, atamfofin waje suka cika Kantin Kwari, kamfanoni da dama suka rufe, musamman masaƙu. Waɗanda suka rage da yawansu sun koma ɗaukar ma'aikatan wucin gadi, waɗanda ba su da takardar ɗauka aiki balle fansho, ba kuwa wanda zai iya cewa shugaban aiki, "Gobe Lahadi ba na zuwa." Na biyun ya fi ciwo. Ran 11 da 12 ga Mayu 2004, bayan kisan da aka yi wa Musulmi a Yelwan Shendam, aka faɗa wa Kirista a Kano, ƙungiyar Human Rights Watch ta ce fiye da mutum 200 ne suka mutu, Sharaɗa da Ɗorayi da Panshekara kuwa suna cikin unguwannin da abin ya fi muni. Ran 29 ga Afrilu 2012 kuma 'yan bindiga suka buɗe wuta kan masu sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, nan kusa da Ɗorayi. Ba mu ga laifin iyalin da ya kwashe kaya ya koma Sabon Gari ko Badawa ko ƙauyensu ba. Sai dai kamfanonin ba su ƙaura ba, kuma wanda ba shi da kuɗin hayar Sabon Gari yana nan inda yake.

To, a nan ne ya kamata mu duba kanmu. Mun gāji wani tsari da aka ɗinka daidai jikin ma'aikacin gwamnati, wanda yake tashi aiki da la'asar, ya huta Asabar da Lahadi. Da shi muke auna aminci: littafin halarta, katin zakka, zuwa taron tsakiyar mako. In lokacin zaɓen dattawa ya zo, wanda ake gani kullum shi ake zaɓa, saboda haka a majalisar ekklisiya da wuya ka sami mutum ɗaya da ya taɓa kwana a gaban injin narka roba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mai ɗakin ba ya wurin sa'ad da ake tsara kalandar shekara. Kuɗinmu kuwa, in mun faɗi gaskiya, gini ne yake cinye mafi yawansa: a ƙara bene, a sāke rufi, a sayi janareta mafi girma. Muna aika masu bishara ƙauyuka, muna kuma gode wa Allah domin aikin da ƙungiyoyi irin su EMS ta ECWA suke yi tun 1948. Amma a ganinmu "filin bishara" sai inda babu kwalta. Challawa tana da kwalta, shi ya sa ba ta shiga lissafi.

Littafi Mai Tsarki bai san wannan rarrabewa ba. A Ayyukan Manzanni sura 18 mun ga Bulus a Koranti yana zaune wurin Akila da Bilkisu yana ɗinkin alfarwa tare da su, gama sana'arsu ɗaya ce, a Romawa 16 kuma ya gai da ekklisiyar da take taruwa a gidansu. Shekaru da yawa masu bi na farko ba su da ginin kansu ko ɗaya.

Ba ma sai mun je nesa ba. Dattawanmu suna tune da Sabon Rai Don Kowa, wanda ya taso daga Jos a farkon shekarun 1960. Ƙarfinsa yana cikin ƙananan ƙungiyoyin addu'a na gida gida, inda manomi da tela da matar aure suka koyi buɗe Littafi su yi bayani da bakinsu, ba su jira fasto ba. Yau a wurare da yawa abin da ya rage mana na Sabon Rai shi ne ƙungiyar mawaƙa da ganguna. Haka kuma HEKAN ta samu ne a Kaduna domin ma'aikatan da suka fito daga ekklisiyoyi daban daban na TEKAN sun ga babu amfani kowa ya kafa nasa ɗan ɗaki, suka haɗu suna sujada da Hausa. Abin da ya yiwu a Kaduna a wancan zamani, me zai hana shi a Panshekara, inda ɗan ECWA da ɗan COCIN da ɗan EYN da ɗan Baftis suke haya a gida ɗaya, amma ran Lahadi kowa ya hau motarsa daban?

A Ingila ma an taɓa shiga wannan hali. A 1944 Bishop Leslie Hunter na Sheffield, garin masana'antun ƙarfe, ya ga ma'aikata sun yi nisa da majami'a, sai ya keɓe wani fasto, Ted Wickham, ba a ba shi majami'a ba, aikinsa shi ne ya shiga kamfanoni da izinin masu su da na ƙungiyar ƙwadago, ya zauna da mutane lokacin hutun cin abinci, ya saurare su. Ba mu ce a kwafo wannan yadda yake ba. Kamfanin Sharaɗa ba na Kirista kaɗai ba ne, yawancin ma'aikatan ma Musulmi ne, babu kuwa manajan da zai yarda a mai da wurin aikinsa filin wa'azi, yana da gaskiya kuma. Abin ɗauka shi ne a sami bawan Allah wanda garkensa su ne masu aikin dare, wanda ba za a tambaye shi nawa baikonsa ya kawo wa gunduma ba.

Mun san abin da za a ce, domin mun ji shi a taro fiye da sau ɗaya. Waɗansu suna tsoron taron gida zai haifi tsattsaguwa, kowane mai baki ya wayi gari ya zama "janar obasiya". Tsoron yana da tushe, mun ga irinsa. Maganinsa shi ne majalisa ta naɗa masu jagora da kanta, ta koyar da su, fasto ya riƙa zagayawa yana ba da Jibin Ubangiji, ko da ran Talata da azahar ne, lokacin da mai aikin dare ya farka. Waɗansu kuma, ko da ba su faɗa a fili ba, baiko suke ji. To, mutumin da kuɗin mota ya hana shi zuwa wata uku, wane baiko ake samu daga gare shi yanzu?

Maganar tsaro ita ce mai nauyi, ba za mu yi wasa da ita ba. Samun takardar filin gina majami'a a Kano tsohon kuka ne, taro a gidan haya kuwa yana iya jawo wa mai masauki fitina in ba a yi hankali ba. Mun koyi darasi a watan Oktoba na 1991, sa'ad da shirin babban taron Reinhard Bonnke ya ƙare da zub da jini, taron ma bai yiwu ba. Abin da muke magana a kai ba ya bukatar lasifika ko fosta: iyali biyar ko shida, da sanin mai gida, da gaisuwa ga mai unguwa, a yi addu'a a tashi kafin maƙwabta su gaji. Kada mu manta kuma, a 2004 akwai Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista cikin ɗakunansu, suka sa ransu cikin hatsari. Irin wannan zumunci a bakin famfo da wurin suna da jana'iza ake ƙulla shi, mai bi da yake kwana kawai a unguwa ya kwashe duk sauran rayuwarsa zuwa Sabon Gari ba zai same shi ba.

Akwai sauran abu guda da mimbarinmu ya daɗe yana tsallakewa. Yakubu sura 5 ta yi magana mai zafi kan hakkin ma'aikata da aka danne. Masu aikin jima suna cuɗanya da magunguna masu cin fata, ruwan da yake fita daga kamfanonin kuma ya daɗe yana ɓata kogin Challawa da gonakin bakinsa. Inji yana cire yatsu. Tun 2010 akwai dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, wadda hukumar NSITF take kula da ita, a 2024 kuma aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, ko da yake dokar ba ta hau kan ƙananan wuraren aiki ba. Ma'aikata nawa ne suka san wannan? A benci ɗaya da su akwai lauyoyi da nas-nas da akantoci, wani lokaci ma har da shugaban aikin da yake riƙe musu kuɗin ƙarin lokaci. In Zumuntar Maza ta keɓe yamma ɗaya a wata lauya ya zauna ya duba takardun waɗanda aka sallama babu hakki, ba za a tambayi mai zuwa addininsa ba, gama injin da ya yanke hannun Bitrus shi ne ya yanke na Garba.

Muna roƙon majalisun ekklisiyoyinmu, kafin a zauna kan kasafin shekara mai zuwa, a sa magatakarda ya ɗauko littafin sunaye ya ƙidaya mutum nawa ne adireshinsu yake Ɗorayi, Ja'en, Sharaɗa ko Panshekara, nawa ne cikinsu suke aikin dare, yaushe rabon da a ga kowannensu a teburin Ubangiji, yaushe kuma rabon da wani dattijo ya taka ƙofar ɗakinsa. Aikin bai fi na Lahadi ɗaya bayan sujada ba, a kawo sakamakon a karanta shi a taro kafin a buɗe maganar sabon bene.